Inshorar Tafiyar Jirgin Ruwan Shaƙatawa Ga Mai Tsohon Ciwo

Manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Miami a Amurka, ko Southampton a Ingila, ko Barcelona a Sifaniya, suna kwashe dubban mutane su yi kwanaki da su a kan teku. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja kimanin 7,600, ban da ma'aikata. Da yawa daga cikin masu irin wannan tafiya dattawa ne da suka ajiye aiki, kuma da wuya a sami dattijon da ba ya lallaɓa wani abu a jikinsa, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko asma, ko ciwon ƙoda. Ga irin waɗannan mutane, inshorar tafiya ba ta cika amfani ba sai in ta haɗa da ciwon da suka baro gida da shi, domin shi ne ya fi saurin tashi a hanya. Shi ne kuma abin da kamfanonin inshora suka fi cirewa daga yarjejeniya.

Kowane babban jirgi yana da ɗakin jinya mai likitoci da ma'aikatan jinya, da 'yan gadaje, da na'urar hoton ƙashi da ta auna bugun zuciya. Aikinsu shi ne kula da ƙananan larurori, da tallafar wanda ya faɗi rai a hannun Allah har a kai shi tudu. Ba a yin babbar tiyata a can, ba kuma kyauta ake duba mutum ba. Kuɗin tikiti ya ƙunshi ɗaki da abinci, amma ganin likita da allura da kwana a gadon jinya duk ana rubuta su a asusun fasinja, ya biya kafin ya sauka, daga baya ya nemi inshorarsa ta mayar masa. Idan likitan jirgi ya ga ciwo ya fi ƙarfin kayan aikinsa, yana da ikon sauke marar lafiya a tasha mafi kusa, ko da fasinjan bai so ba, jirgi kuma ya ci gaba da tafiyarsa.

A nan ne ainihin kashe kuɗi yake farawa. Mutumin da zuciyarsa ta buga a tsakanin tsibiran Karebiyan yana iya tsintar kansa a ƙaramin asibitin wani tsibiri, daga nan a ɗauke shi da jirgin sama na marasa lafiya zuwa Florida, inda kuɗin asibiti ya fi na kusan ko'ina a duniya tsada. Irin wannan jigila takan ci dubun dubatar daloli, daga wurare masu nisa ma takan haura dala 100,000. Ga kuɗin masaukin mai jinya, ga na sabon tikitin komawa gida, wani lokaci har da ma'aikaciyar jinyar da za ta raka shi a jirgin sama.

Tsarin lafiyar da mutum yake dogaro da shi a ƙasarsa ba ya binsa cikin teku. Medicare, tsarin da gwamnatin Amurka ta yi wa 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ya biyan jinyar da aka yi a jirgin da ya yi nisan fiye da awa 6 daga tashar Amurka. Katin GHIC na mazauna Birtaniya yana aiki ne a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar Turai. Ɗakin jinyar jirgi kuwa na 'yan kasuwa ne, kuma katin ba ya biyan kuɗin mayar da marar lafiya gida. Matafiyin da ya taso daga Najeriya ko Nijar don zagaya Bahar Rum yana da tasa matsalar. Bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai tana wajabta inshorar da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, amma takarda mai araha da ake saya don kawai ofishin jakadanci ya gamsu sau da yawa ta cire tsohon ciwo gaba ɗaya. Za ta samar da biza, ba za ta biya jinyar mai ciwon suga ko mai sikila ba.

Abin da kamfanonin inshora suke kira tsohon ciwo ya fi faɗi fiye da yadda yawancin mutane suke zato. Ya haɗa da duk larurar da aka gano, ko aka yi wa magani, ko aka nemi shawarar likita a kanta kafin a sayi inshorar. Hawan jinin da ƙwaya ɗaya a rana ta kwantar da shi shekara da shekaru yana ciki. Damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa suna ciki. Mafi sarƙaƙiya shi ne ciwon da ba a riga an sa masa suna ba: wanda likita ya tura gwaji yana jiran sakamako, galibin kamfanoni ba sa karɓar wannan larurar tasa sai an san ko mece ce. Sannan akwai cututtukan da suke da dangantaka da juna. Wanda bai ambaci hawan jini ba, ya kuma sami shanyewar ɓarin jiki a jirgi, kamfani yana iya cewa wancan ne ya haifar da wannan, ya ƙi biya.

Yadda ake shigar da tsohon ciwo cikin yarjejeniya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka kamfani yakan waiwayi tarihin lafiyar mutum na wani ƙayyadadden lokaci, galibi kwana 60 zuwa 180 kafin ranar saye. Duk ciwon da ya motsa a wannan tsakani, an cire shi. Amma akwai sassauci ga wanda ya hanzarta: idan ya sayi inshorar cikin kwana 14 zuwa 21 daga ranar da ya ba da kafin alƙalami na tafiyar, yana da lafiyar yin tafiya a ranar sayen, kuma a tsare-tsare da dama ya saka dukkan kuɗin tafiyar da ba a mayarwa, to kamfani yakan janye wannan sharaɗi, sau da yawa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tun da ana kama ɗaki a jirgin ruwa watanni da yawa kafin tashi, wanda ya bar maganar inshora sai ana gobe tafiya ya riga ya makara.

A Kanada an fi dogaro da sharaɗin kwanciyar ciwo. Dole larurar ta kasance ba ta canza ba na wasu watanni kafin tashi, yawanci uku zuwa shida. Abin mamaki, ko rage yawan magani likita ya yi saboda an sami sauƙi, wasu kamfanoni suna lissafa shi a matsayin canji.

A Birtaniya kuwa tambayoyi ake yi. Mai saye yana amsa su ta waya ko ta intanet: wane ciwo, magunguna nawa, yaushe aka kwantar da shi na ƙarshe, yana iya tafiya mai ɗan nisa ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba? Daga amsoshin ne kamfani zai karɓa a farashin da aka saba, ko ya ƙara kuɗi, ko ya cire wannan ciwon, ko ya ƙi gaba ɗaya. Tun daga 2021 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta wajabta wa kamfanoni su nuna wa wanda suka ƙi, ko suka ɗora wa ƙari mai yawa saboda ciwo, jerin kamfanonin da suka ƙware a kan masu manyan larurori. Saboda haka in kamfani ɗaya ya ƙi mai ciwon daji, ba shi ke nan ba.

Ɓoye ciwo don a rage kuɗi shi ne babban kuskure a wannan harka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: da zarar an nemi diyya mai nauyi, abu na farko da kamfani zai yi shi ne neman fayil ɗin mutum daga likitansa. Dokar Birtaniya ta 2012 a kan bayanan da mai sayen inshora yake bayarwa ta bambanta ganganci da sakaci. Wanda ya ɓoye da gangan ana iya soke yarjejeniyarsa, a hana shi diyya, a kuma riƙe abin da ya biya. Wanda ya yi sakaci kawai, kamfani yakan duba abin da zai yi da ya san gaskiya tun farko, ya rage diyyar daidai gwargwado. Kamfanoni da yawa suna kuma buƙatar a sanar da su duk canjin da aka samu tsakanin ranar saye da ranar tashi. Babu kuma inshorar da take biyan wanda likita ya hana tafiya ya yi kunnen ƙashi.

Bayan maganar ciwo, akwai abubuwan da suka keɓanta da jirgin ruwa. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta haɗa da shi sai an ƙara wani sashe na musamman. Wannan sashe yakan biya wani abu ga wanda likita ya killace a ɗakinsa, abin da yake faruwa idan cutar amai da gudawa ta norobairos ta ɓulla, da wanda jirgi ya tashi ya bari bisa wani uzuri karɓaɓɓe, da tashar da aka tsallake saboda iska. Yankin da inshorar ta ƙunsa ma dole ya haɗa da kowace tasha. Tsayawar yini ɗaya a Amurka ko a wani tsibirin Karebiyan tana iya mayar da dukkan tafiyar cikin rukuni mafi tsada. Fasa tafiya shi ma yana da nauyi, domin kamfanonin jirage suna ƙara tara yayin da ranar tashi take ƙaratowa, har a makonnin ƙarshe ba sa mayar da ko sisi. A nan ne tsohon ciwon wanda ba ya cikin tafiyar yake shigowa. Idan jikin mahaifiyar da aka bari a gida ya tsananta har aka fasa, biyan diyya ya danganta da abin da yarjejeniya ta ce game da lafiyar dangi na kusa.

Kamfanonin jirage suna sayar da tasu inshorar tare da tikiti. Tana da sauƙin saye, amma adadin da take warewa don jinya sau da yawa bai kai na kamfanoni masu zaman kansu ba, kuma wani ɓangaren diyyarta takardar wata tafiya ce a gaba, ba tsabar kuɗi ba. Jiragen suna da nasu sharuɗɗan lafiya da inshora ba ta kawar da su: yawancinsu ba sa ɗaukar mace da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, kuma mai buƙatar iskar numfashi ko wankin ƙoda sai ya sanar tun da wuri, ya yi nasa tanadi. Musulmin da yake ƙyamar inshora ta al'ada yana iya neman takaful na tafiya, amma shi ma yana da nasa sharuɗɗan a kan tsohon ciwo, kuma karatun da ake yi wa waccan takarda shi ake yi wa wannan.

Magani ana ɗaukarsa a jakar hannu cikin kwalinsa na asali, da ƙari a kan na kwanakin tafiya, tare da takardar likita mai sunan ciwo da na magunguna. Ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna tsananta doka a kan tiramadol da kodin. Kowace yarjejeniya tana ɗauke da lambar gaggawa mai aiki dare da rana, kuma kamfanoni da yawa ba sa biyan kuɗin jigilar marar lafiya sai da amincewarsu aka yi ta, don haka abokin tafiya ya kamata ya riƙe lambar shi ma. A Birtaniya kamfanoni sukan ba mai saye kwana 14 ya karanta yarjejeniyar ya fasa idan ba ta yi masa ba, kamfanonin Amurka ma sukan ba da kwana 10 zuwa 15. A cikin waɗannan kwanaki ne ya kamata mai tsohon ciwo ya tabbatar an rubuta masa a takarda cewa inshorar ta ƙunshi ciwon nasa.