Masoro Da Kanumfari: Daga Kasuwar Kuje Zuwa Masana'antar Magani

Masoro da kanumfarin da ake aunawa a kasuwar Kuje, tare da karan dafi, suna cikin tsirrai 4 da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu, Abuja, ta haɗa ta samar da Niprisan, maganin rage yawan tashin ciwon sikila.

An yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1998. Kamfanin Xechem ya karɓi lasisin sarrafa shi a 2002, amma bashi ya durƙusar da shi a 2008. A 2018 aka miƙa wa May & Baker.

Ke nan bincike kaɗai ba ya kai magani kanti. Sai an haɗa da jari mai jure jira, da manoman da za su riƙa kawo tsirran a kan kari.