Abin da Ke Sa Keke Rikicewa Bayan An Sa Masa Sabuwar Ƙafa

Tun daga shekarar 1929, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kauran Namoda daga Zariya, kayan ƙarfe na ƙasashen waje suka sami ƙofar shiga ƙasar Zamfara ta arewa. Daga cikin kayan da suka zauna da gindinsu har yau akwai keke. Shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke ɗaukar buhun gero daga Badarawa zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, shi ke kai ɗan koli ƙauyukan Zurmi. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, kuma wasu suka saya musu sababbin ƙafafu. To, sau da yawa daga nan rigima ke somawa: birki ya ƙi kamawa, sarƙa ta riƙa tsalle, ƙafa ta karkace cikin mako guda, tiyub ya yi ta fashewa ba ƙaya ba ƙusa. Mai keke ya zargi mai gyara, mai gyara ya zargi kamfani. Alhali kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli tana da dalilin da za a iya aunawa.

Lamba ɗaya, girma biyu

Tsohon baƙin keke irin na Raleigh, da takwarorinsa Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, ana ce wa ƙafarsa inci 28. Kekunan gwanjo sirara masu giya da ake shigowa da su daga Turai, su ma a kan ga an rubuta 28 a jikin tayarsu. Amma ba girmansu ɗaya ba. Idan aka auna faɗin da'irar rim a daidai inda bakin taya ke zama, na baƙin keke milimita 635 ne, na siririn keke kuwa milimita 622. Akwai kuma wani tsohon girma mai suna inci 27, wanda yake milimita 630. Wato ƙafar da ake kira 27 ta ɗara wata ƙafar da ake kira 28. Haka nan inci 26 yana iya zama milimita 590 ko 559.

Bambancin 635 da 622 milimita 13 ne kacal, amma idan aka ninka shi da 3.14 za a ga kewayen rim ɗin ya bambanta da kusan santimita 4. A bakin kowace taya akwai zoben waya wanda ba ya miƙewa. Saboda haka ƙaramar taya ba za ta hau babban rim ba ko da an yi ta dannawa da ƙarfe, babbar taya kuma za ta kwance daga ƙaramin rim da zarar iska ta cika ta. Maganin wannan yana rubuce a gefen taya: lambobi biyu kamar 40-635 ko 25-622. Ta farko kaurin taya ce, ta biyu girman rim. Ita wannan ta biyu ce abin dubawa kafin a ba da kuɗi.

Birki

Idan aka sauya ƙafar 635 da ta 622, bakin rim yana sauka da milimita 6.5, wato rabin bambancin. Robar birki tana nan inda take, don haka sai ta kama gefen taya maimakon ƙarfe. Kwana kaɗan za ta cinye gefen tayar, wata rana tiyub ya leƙo ya fashe, galibi a gangara, inda aka fi matsa birki.

Siffar rim ma abin lura ce. Birkin baƙin keke na sanda ne, yana jawo roba sama ta kama cikin rim, gefen da ke duban tsakiyar ƙafa. Shi ya sa rim ɗinsa ke da faɗi da kafaɗu biyu. Birkin waya na siririn keke kuwa matse rim yake yi ta gefe da gefe, kamar awartaki. Wanda ya sa siririn rim a keke mai birkin sanda ya bar robar ba ta da wurin kamawa. Akwai kuma batun ruwa: rim na ƙarfe mai sheƙi yana santsi ƙwarai da damina, na alminiyam ya fi shi riƙe roba.

Sifok da yadda ƙafa ke ɗaukar kaya

Wayoyin nan da ke tsakanin rim da tsakiyar ƙafa, waɗanda masu gyara ke kira sifok, kowace ɗaya yaro zai iya lanƙwasa ta da hannu. Ƙarfinsu daga ɗaurewa yake, kamar tsarkiyar baka. A ƙafar da aka haɗa da kyau, jan da ke kan kowace waya yana kusan nauyin kilo 100. Tsarin gicciya su da juna kuwa James Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1874. Yayin da aka hau keke, wayoyin da ke ƙasa, kusa da inda taya ta taɓa hanya, jansu yana raguwa, sa'an nan ya dawo idan ƙafa ta juya. Muddin akwai sauran ja a jikinsu, ƙafa tana nan daram.

Sababbin ƙafafu masu araha inji ke haɗa su, kuma sau da yawa jan bai kai ba ko bai zo daidai ba. A kwanakin farko kan kowace waya yana nitsewa cikin raminsa, ja ya ƙara raguwa. Idan aka ɗora buhu a kariya aka faɗa rami, wayar ƙasa sai ta saki gaba ɗaya na ɗan lokaci, notinta ya warware kaɗan. Haka za ta yi ta yi har rim ya goce wajen wayoyin da suka fi ɗauri. Wayar da ke saki tana ɗaurewa sau dubbai a rana tana gajiya, ta karye a gwiwarta. Irin wannan ke faruwa ga ƙashin ƙafar sabon soja ko ɗan tsere: ba bugu ɗaya ke tsaga shi ba, ƙananan nauyi ne masu maimaituwa. Sai dai ƙashi yana da ƙwayoyin halitta masu rai da ke ɗinke tsagar idan an huta, ƙarfe kuwa ba ya warkewa.

Ana iya gane jan waya da kunne. A kaɗa kowace ɗaya da farce kamar tsirkiyar gurmi: mai ɗauri tana da siririyar murya, sakakkiya tana da kauri. Wayoyin gefe ɗaya ya kamata muryarsu ta zo kusa da juna. Ya dace a mai da sabuwar ƙafa wurin mai gyara bayan mako ɗaya ko biyu ya sake ɗaure ta, tun ba ta karkace ba.

Boris da giris

A tsakiyar ƙafa akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake kira boris. Bisa al'ada ƙafar gaba tana da 10 a kowane gefe, ta baya tana da 9 waɗanda suka fi girma. Aikin giris a nan shi ne aikin ruwan nan mai yauƙi da ke cikin gwiwar ɗan Adam, wanda ke hana guringuntsi biyu gugar juna. Sababbin ƙafafu da yawa suna zuwa da ɗan giris kaɗan, an kuma matse boris fiye da kima. Da hunturu ƙura ta shiga ta gauraya da ɗan abin da ke ciki, ya koma kamar yashin wanke tukunya, ya ci hanyar da boris ke bi.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaga keke a bar ƙafa ta juya da kanta. Idan ta yi lilo gaba da baya kafin ta tsaya, boris na sake. Idan ta tsaya cak, an matse. Idan kuma aka girgiza rim gefe da gefe aka ji ƙwas-ƙwas, an sassauta da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jiki, domin tsokar mutum kashi 20 zuwa 25 cikin 100 kawai na ƙarfin abinci take mayarwa motsi, saura zafi ne da gumi. Duk ƙarfin da matsattsen boris ko birki mai guga ya cinye, jiki zai biya ninkinsa huɗu ko biyar daga tuwon da aka ci.

Sarƙa da haƙora

Sabuwar ƙafar baya kan zo da sabon firiwil, wato faifan nan mai haƙora. Tazarar kowace gaɓa ta sabuwar sarƙa rabin inci ce, gaɓa 24 su ba da inci 12 cif. Da tsufa ƙusoshin cikin gaɓoɓin suna cinyewa, sarƙa ta ƙara tsawo. Idan gaɓa 24 suka wuce inci 12 da kamar milimita 3, sarƙar ta ƙare. Tsohuwar sarƙa da tsohon firiwil sun cinye tare, sun saba da juna. Idan aka sabunta ɗaya aka bar ɗaya, gaɓoɓi ba sa zama daidai tsakanin haƙora: ko dai a ji ƙara da tsalle, ko sabon ya lalace da wuri.

Yawan haƙora ma yana da tasiri. Kewayen tayar baƙin keke kusan mita 2.2 ne. Idan faifan feda yana da haƙora 44, firiwil yana da 18, zagaye ɗaya na feda yana tafiyar kimanin mita 5.4. Idan sabon firiwil 16 ne, tafiyar ta haura mita 6, amma takun ya ƙara nauyi da kashi ɗaya cikin takwas. Mai ɗaukar kaya a yashi gwiwarsa ce za ta fara shaida.

Fashewar tiyub

Tayar iska ta keke John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi, ya ƙirƙiro ta a Belfast a 1888, kuma tun lokacin tiyub ke faɗin abin da ya huda shi ga mai dubawa. Huda a bayansa, wajen hanya, aikin ƙaya ne irin ta tsidau. Huda a cikinsa, wajen rim, kan sifok ne, domin an manta da ƙyallen roba da ke rufe su. Tsaga biyu a jere kamar saran maciji alamar ƙarancin iska ce, rim ya datse tiyub a bakin rami. Zafi ma yana da nasa rabo: iskar da aka buga da safe a ma'aunin zafi 25, idan ta kai 45 a kan kwalta a watan Afrilu, matsinta na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Lafiyayyar taya tana jurewa, wadda birki ya riga ya ci gefenta ba ta jurewa.

Aiki ga ɗalibai

Malamin kimiyya yana iya kife keke ɗaya a gaban aji. Wasu ɗalibai su karanta lambar taya su auna kewayenta da igiya, su raba da 3.14 su gwada da lissafi. Wasu su ƙirga haƙora su fitar da tafiyar zagaye ɗaya, sa'an nan a tabbatar a filin makaranta da alli. Wasu su auna sarƙa da rula, wasu su kaɗa sifok su ware masu kaurin murya. A ƙarshe kowa ya matsa birki ya duba inda robar ta sauka, domin a duk cikin gwaje-gwajen nan shi ne wanda bai kamata mai sabuwar ƙafa ya hau titi bai yi ba.