Kafin ka gatsa boga, fara raba ta biyu

Duk lokacin da aka gama jarrabawar WAEC ko NECO, ko aka shiga yawon Sallah, wuraren sayar da boga a Kano da Kaduna da Abuja sukan cika maƙil da ɗalibai. Ana zuwa ƙungiya-ƙungiya, wasu sun yi karo-karo, wasu sun tara barka da Sallah, a zauna cikin sanyin na'ura, a ɗauki hoto kafin a kai loma baki. Mu ma da muke jami'a ba mu daɗe da barin wannan sahu ba, har gobe muna leƙawa idan aljihu ya yarda. Abin da muka lura da shi shi ne, tun muna ƙanana mun iya tantance tsire mai kyau, mun iya ce wa mai nama ya ƙara juya shi a wuta. Amma da zarar an ajiye mana boga a kan tire sai mu yi gum, mu cinye duk abin da aka ba mu, ko da kuɗinta ya lashe kuɗin tara na mako guda.

Sunanta na asali hamburger, kuma ya samo tushe ne daga birnin Hamburg na ƙasar Jamus, ba daga naman alade ba kamar yadda wasu suke zato. A Amurka ta yi suna. Kamfanin White Castle ya fara sayar da ita a garin Wichita a 1921, sannan a 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsarin shagonsu a Kalifoniya: suka rage yawan nau'in abinci, kowane ma'aikaci aka ba shi aiki ɗaya tak, mai saye kuma ya je kanta ya biya ya karɓa da kansa. Wannan tsari ne muke gani a nan yau. A Najeriya Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, Burger King kuwa sai a 2021 ya iso. Ga da yawa daga cikinmu ma, kafin mu san ta burodi, "boga" sunan wata gyaɗa ce mai ɓawon fulawa da ake saya a shagon unguwa.

To, me ya sa muke cewa a raba ta biyu? Saboda naman ne. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli suna zama ne a cikin hanjin dabba, kuma sukan taɓa bayan nama lokacin fiɗa. Idan yankan nama ne guda, kamar na tsire ko balangu, yawancinsu a waje suke tsayawa, wuta na lasar su sun mutu. Naman boga kuwa niƙa shi ake yi. Injin niƙa yana ɗaukar abin da ke waje ya cusa shi har tsakiya, wani lokaci ma naman shanu da yawa ne ake haɗawa a curi ɗaya. Ke nan bayan naman zai iya yin baƙi ƙirin, ƙamshi na tashi, alhali tsakiyarsa ɗanye ne. Shi ya sa hukumomin kula da abinci a Amurka suka ce sai zafin tsakiyar niƙaƙƙen naman sa ya kai digiri 71 a ma'aunin Selshiyos kafin a ci.

Sai da aka sha wuya aka koyi wannan darasi. A farkon 1993 mutane fiye da 700 suka kamu da ciwo a jihohi huɗu na yammacin Amurka bayan sun ci bogar kamfanin Jack in the Box da ba ta gasu sosai ba. Yawancinsu yara ne. Huɗu suka rasu, wasu kuma ƙodarsu ta samu lahani na dindindin. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman sa da aka samu wannan nau'in ƙwayar cuta a cikinsa. Wannan fa a ƙasar da wutar lantarki ba ta cika ɗaukewa ba ke nan. A wajenmu, inda firji ke dogara da janareta, kuma zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, hattarar da ake buƙata ta fi haka.

Babu wanda zai tafi cin boga da ma'aunin zafi a aljihu. Abin da ke hannunka shi ne wuƙa ko yatsu, da ido, da hanci. Raba ta biyu ka duba tsakiyar naman. Idan ka ga ja, ko ruwan da ke fita yana da alamar jini, ba ta yi ba. Idan tsakiyar ta yi sanyi alhali bayan yana da zafi, to daskararren nama aka jefa a wuta cikin gaggawa. Launi ba hujja ba ce ɗari bisa ɗari, domin nama yana iya canza launi kafin ya gama gasuwa, amma gara wannan dubawar da a rufe ido a gatsa. A cikin fim za ka ga Bature yana neman a bar masa nama da ɗan ja-ja. Wannan ya fi dacewa da yankan nama guda, ba niƙaƙƙe ba.

Rabawar tana tona wani asirin kuma. A wani wuri da muka je da 'yan ajinmu, hoton da ke jikin bango ya nuna nama mai kauri yana leƙowa ta kowane gefe. Da muka buɗe sai ga ɗan faifai siriri a tsakiyar burodi, an cika sauran wurin da kabeji da bama. Ɗanɗanon ma ya fi kama da fulawa da magi. Ba laifi ba ne a sa ɗan garin burodi ko ƙwai don naman ya haɗe, amma idan ka tauna ba ka ji nama ba, ka sayi burodi biyu ne da tsadar nama. A wani ƙaramin shago kuwa, da ba shi da ko na'urar sanyaya ɗaki, a gabanmu aka gasa naman, aka ɗan ɗumama burodin a kan ƙarfen gashin. Mun jira kusan minti goma sha biyar, kuma babu wanda ya yi ƙorafi da ya kai baki. Tun daga nan muka daina ɗaukar saurin kawowa a matsayin alamar ƙwarewa. Bogar da aka miƙo maka kafin ka gama ƙirga canji, daga cikin akwatin gilashi ta fito, kuma ba ka san tun yaushe take ciki ba.

Ganyen ma abin dubawa ne. Latas da tumatir da albasa ba sa ganin wuta, yadda aka wanke su haka za su shiga cikinka. Latas ɗin da ya yi yaushi ko gefensa ya yi baƙi, cire shi. Bama kuwa idan ta tsinke ta yi ruwa-ruwa ko tana ɗan tsami, kada ka lallashi kanka cewa haka ɗanɗanonta yake. Kana tsaye a layi ma za ka iya karanta wurin: wanda ke karɓar kuɗi shi ne yake taɓa burodi? An goge teburin da aka tashi a kai? Akwai ruwa da sabulu a wurin wanke hannu? Inda ba a damu da abin da baƙo ke gani ba, da wuya a damu da kicin.

Saura maganar da ta fi yi mana nauyi, wato mayar da abinci. Kunya takan hana, musamman idan an zo da abokai, ana gudun a ce ƙauyanci ne. Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su ɗaga murya a kan ma'aikaci don a san sun iso. Ka tuna wanda ke bayan kantar nan sau da yawa sa'an yayanka ne, tun safe yake tsaye, kuma ba shi ya gasa naman ba. Ɗauki tiren ka je wurinsa, ka nuna masa: "Yaya, don Allah duba, cikin bai gasu ba. A taimaka a canza mini." Idan mace ce, "Anti, sannu da aiki" ya isa ya buɗe ƙofa. A yawancin wuraren da muka gwada haka an canza ba tare da musu ba. Idan aka ƙi, nemi manaja cikin natsuwa. A nan ne ake gane ingancin hidimar wuri, ba a murmushin da aka tarbe ka da shi ba. Sai dai ka yi magana tun kafin ka ci rabi, domin wanda ya kawo loma ɗaya ya ce a canza masa ba shi da bakin magana.

Tun kafin ka ba da oda, tambayi ko farashin da ke allo ya haɗa da haraji. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, wato idan abinci na naira 4,000 ne, ƙarin naira 300 zai hau kai in ba a riga an sa shi ciki ba. Wannan kaɗai ya isa ya cinye kuɗin adaidaita na komawa gida. Karɓi rasit ka duba shi a wurin. Idan kuma an naɗe maka za ka kai wa ƙanne tsaraba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a cikin firji ba. Bogar da aka saya da azahar, aka zagaya gidajen 'yan'uwa da ita a cikin leda, ba ta bayan isha'i ba ce.