Ƙarfen da likita ya sa a ƙashi: shin dole ne a cire shi?

Tambaya:

Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Miga. Shekara biyu ke nan da na faɗi da babur ƙafata ta karye, aka yi mini aiki a Kano aka sa mini ƙarfe da kusoshi. Na warke, har ina shiga fadama, sai dai lokacin sanyi wurin yana yi mini tsami. Wasu sun ce alwalata da sallata ba su cika ba matuƙar ƙarfen yana jikina. Wasu kuma sun ce in na mutu da shi sai an tsaga ƙafar an fitar kafin a binne ni. Shin in sayar da shinkafar da na ajiye wa iyali in je a cire?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan uwa, kada ka taɓa abincin iyalinka saboda waɗannan maganganu. Shari'a ba ta wajabta maka cire ƙarfen ba, kana raye ko bayan ranka. Cirewa ko bari magana ce ta cuta da amfani, likitan ƙashi ne zai auna maka.

Asalin halaccin sa shi

Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, Allah Ya yarda da shi. An yanke masa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa, sai ya yi wari. Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ka lura, zinariya haramun ce ga namiji, amma aka halatta masa saboda lalura, kuma ba a ce ya riƙa cirewa in zai yi salla ba. To ina ga ƙarfe marar tsatsa ko taitaniyom, waɗanda da su ake ƙera abin da ke ƙafarka, kuma asalinsu halal ne masu tsarki?

Alwala da salla

Abin da aka wajabta maka wankewa shi ne fatar gaɓa. Ƙarfen yana can ƙarƙashin nama, bai tare ruwa ba, don haka alwalarka da wankanka da sallarka sun inganta, kana ma iya limanci. Idan ƙafar ba ta lanƙwasuwa a zaman tahiya, ka zauna yadda ya sauƙaƙa. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, an ba maras lafiya damar ya yi salla a zaune in ya kasa tsayuwa.

Yaushe likita yake cirewa?

Ƙarafan iri-iri ne. Wanda ake kafawa ta waje, ana ganin sandunansa sun fito daga fata, da siraran wayoyin da ake yawan sa wa yara, na ɗan lokaci ne, dole a cire su. Amma mai faɗin da ake ɗaurewa da kusoshi a jikin ƙashi, da sandar da ake zurawa cikin ramin ɓargo, an yi su ne yadda za su iya zama har ƙarshen rayuwa. Ana cire su ne idan ƙwayoyin cuta sun kama wurin, ko ƙarfen ya karye ko ya saki, ko kusa tana sukar fata ko gaɓa, ko ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kuwa yaro ne da ƙashinsa yake girma. Galibi ba a cirewa kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai hoton ƙashi ya nuna ya haɗe sarai.

Ka sani cirewar ma tiyata ce mai haɗarinta. Ana iya taɓa jijiya, ciwon yana iya ruɓewa, kusa tana iya karyewa a ciki. Ramukan da kusoshi suka bari suna raunana ƙashi na wasu makonni, wanda ya yi gaggawar ɗaukar buhu ko shiga taɓo yana iya sake karyewa. Ƙa'idar malamai ita ce ba a gusar da cuta da cutar da ta fi ta. Ɗan tsamin da kake ji da hunturu bai kai dalili shi kaɗai ba. Amma in ka ga kumburi, ko zafi da zazzaɓi, ko wani ɗan rami yana tsatsar mugunya, kada ka ƙara tsoma ƙafar cikin ruwan fadama, ka nufi asibiti. Zai fi kyau ka koma inda aka sa maka, da katinka da tsofaffin hotuna, domin kowane irin kusa da makwancinsa. Babban asibitin Jahun ko na Haɗeja za su iya duba ka su tura ka gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake wannan aiki tun 1959. Wannan ba aikin mai ɗori ko wanzami ba ne.

Idan aka tsayar da ranar aiki

In ba na gaggawa ba ne, ka nemi a sa shi bayan girbi kuma ba cikin Ramadan ba. In ya zama dole da azumi, allurar kashe zafi ba ta karya shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce allurar fata da ta tsoka da ta jijiya ba sa karya azumi, ban da ƙarin ruwa mai ciyar da jiki. In aka yi maka irin wannan ƙarin ruwa, ko allurar barci ta gusar da hankalinka mafi yawan yini, sai ka rama. Bayan aiki kuma ka yi shafa a kan bandeji har likita ya yarda ruwa ya taɓa wurin. A mazhabar Malikiyya fitar jini daga ciwo ba ya warware alwala.

'Yar uwa mai ashanar fata

Ke ma wannan ya shafe ki. Ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a damtse ba ta hana tsarki, amma tana da wa'adi: Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5. In wa'adin ya cika, ko ke da maigidanki kuna son haihuwa, ko jini ya dame ki, ma'aikaciyar lafiya da aka horar za ta cire miki cikin 'yan mintoci da ɗan ƙaramin yanka. Kada ki yarda a tone ta da reza a gida ko a kemis, akwai jijiyoyi kusa da wurin.

Idan mutum ya rasu da shi

Ba a tsaga gawa don fitar da ƙarfe. Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi (SAW) ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Alfarmar Musulmi ba ta faɗuwa da mutuwarsa. A yi masa wanka, a sa likkafani, a sallace shi, a binne shi da abinsa. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne dukiya irin haƙorin zinariya: in zai fita cikin sauƙi a ba magada, in sai an yi wa gawa illa a bar shi. A Ingila da Amurka ana cire na'urar daidaita bugun zuciya daga gawar da za a ƙone, saboda batirinta yana fashewa a wuta. Mu binnewa muke yi, wannan dalili bai hau kanmu ba.

Saboda haka ka riƙe shinkafarka, ka je likita ya duba tsamin da kake ji. In ya ce a bari, ka bari da kwanciyar hankali. In ya ce barinsa zai cutar da kai, to neman cirewa ya zama abin da Shari'a take so daga gare ka. Allah Ya ƙara lafiya.

Wallahu a'alam.