Dagaci: Basaraken Barno Da Ya Yi Hijira Zuwa Kano, Da Gadon Da Ya Kuɓuce Wa Zuriyarsa

Duk wanda ya taɓa sayen gona ko fili a ƙauyukan Kano ya san dagaci. Shi ne ke tsakanin hakimi da mai unguwa, gabansa ake kai rigimar iyakar gona, kuma da wuya a rufe cinikin ƙasa ba da saninsa ba. Amma shekara ɗari shida da suka wuce, mutumin da ake kira Dagaci a Kano ba sarkin ƙauye ba ne. Jinin gidan sarautar Barno ne, wanda Sarkin Kano da kansa ya hau doki ya je ganinsa, har daga baya ya bar masa riƙon birnin baki ɗaya.

Labarinsa yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka kammala rubutawa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, kuma H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908. Littafin ya sa zuwansa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438.

Mai karatu zai so ya san abin da ya raba babban mutum irin wannan da garinsu. A ƙarshen ƙarni na 14 Bulala suka matsa wa gidan Saifawa lamba har suka bar Kanem suka dawo yammacin tafkin Chadi. Ga rashin tsayayyen birni, ga kuma faɗan cikin gida, domin zuriyar Mai Idris da ta ɗan'uwansa Mai Dawud sun shafe kusan shekara ɗari suna ƙwace sarautar daga hannun juna. Jerin sarakunan Barno ya ambaci wani Mai Usman Kalnama ɗan Dawud, wanda manyan fadawansa, Kaigama da Yarima, suka tuɓe, ya ƙare rayuwarsa a Kano. Palmer ya ɗauka shi ne Dagacin da Kanawa suka sani. In haka ne, to ba ɗan sarki kaɗai Kano ta saukar ba, tsohon sarki ne sukutum.

Bai zo a matsayin mai neman sadaka ba. Ya iso da jama'a masu yawa da malamai, da tambura da kakaki da tutoci. Littafin har bindigogi ya lissafa, ko da yake wannan ya yi kama da ƙarin gishirin marubutan baya, tunda sai a zamanin Mai Idris Alooma, a ƙarshen ƙarni na 16, bindiga ta shahara a rundunar Barno. Ya yi zango a Bompai, wurin da yau masana'antu suka cika.

A nan ne, a ganina, labarin ya fi armashi. Sarki Dauda ya je ya ga baƙon da idonsa, ya tabbatar ba ƙaramin mutum ba ne, ya dawo fada ya tara mutanensa yana tambayar inda za a ajiye shi. Galadima Babba ya ba da shawarar da duk mai mulki zai gane hikimarta: in aka bar shi ya zauna a wani yanki na karkara, ba da jimawa ba yankin zai zama nasa. Sarki ya kawo uzurin cewa birni a cike yake, ina za a zuba wannan runduna? Duk da haka ra'ayin Galadima ya rinjaya, aka gina wa Dagaci da mutanensa gida a Ɗorayi.

A duba da kyau. A zahiri karamci ne, an ba baƙo masauki kusa da sarki. A baɗini kuwa an hana shi abu guda da yake mayar da basarake ya zama sarki, wato ƙasa. Takwarorinsa na Turai a wannan zamani ƙasa ake yanka musu, da garuruwa da haraji da mayaƙa, ɗa ya gāji uba, har wani lokaci su fi ƙarfin sarkin da ya ba su. Sarakunan Bagandi, reshe ne na gidan sarautar Faransa, amma a daidai shekarun da Dagaci yake Ɗorayi suna ƙawance da Ingila a kan Sarkin Faransa. Galadima Babba bai taɓa jin labarinsu ba, amma abin da ya hango ke nan. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Shi dai ya san akwai raɓar da in ta kwana biyu sai ta zama tafki.

Sai dai ba a ɗauki lokaci ba Sarki Dauda ya yi abin da ya warware rabin dabarar. Da zai fita yaƙi da Zazzau, sai ya danƙa wa Dagaci al'amuran Kano, birni da ƙauye. Me ya sa ya tsallake 'yan'uwansa da manyan fadawa ya ɗauko baƙo? Amsar ba ta da nisa. Ɗan'uwa in ya ɗanɗana karaga yana iya ƙin sauka, shi kuwa baƙo ba shi da jinin Bagauda, babu mai naɗa shi Sarkin Kano. Dagaci ya riƙe amanar, Sarki ya dawo ya tarar da garinsa lafiya, daga nan kuma darajar baƙon da dukiyarsa suka yi ta hauhawa.

A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, Kano ta buɗe sosai. Shi ne aka ce ya fara aika wa Barno gaisuwa, ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, kuma shi ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. Ya daɗe a wajen gari wurin yaƙi. Da ya dawo sai ya iske Dagaci ya yi ƙarfi ƙwarai, ya tara dukiya mai yawa, ya jera gidaje tun daga ƙofar gidansa har Salamta, kuma ya kafa kasuwar Karabka.

Wannan ba zai zama baƙon abu ga mazauna Greensboro ba. Mutanenmu, musamman 'yan Nijar da suka yi yawa a wannan gari, mafi yawansu da aikin sito ko tuƙi suka fara, wasu kuma karatu ya kawo su jami'ar A&T ko UNCG. Wanda ba shi da gonar gado a wuri, kasuwa ce gonarsa. Dagaci ma da aka hana shi ƙasa, ciniki ya kama, ya tsaya a bakin hanyar da ta haɗa garinsu na asali da garin da ya karɓe shi. Ba na shakkar cewa fataken Barno da suka shigo Kano a lokacin gidansa suke fara nema, kamar yadda sabon zuwa yake sauka daga jirgi da lambar wayar wani ɗan garinsu a aljihu.

Don a ga bambanci, a kwatanta shi da Galadima Dawuda na wannan zamani. Shi ya shafe shekara bakwai yana yaƙi a kudu yana aiko da bayi, a hanyarsa ta dawowa ya kafa garuruwa 21 ya zuba bayi a cikinsu, Sarki kuma ya bar masa mulkinsu. Arziki ne da aka gina a kan wuyan mutanen da aka raba da gidajensu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ta fuskar gado, Galadima yana da garuruwa, Dagaci kuwa gidaje da kasuwa da suna gare shi, dukkansu a cikin ganuwar wani.

Sunan ya zama sarauta, ya wuce daga hannu zuwa hannu a gidansa. Mun san haka domin bayan fiye da shekara saba'in da zuwan na farko, har yanzu akwai mai riƙe da sarautar Dagaci a Kano. Amma duniya ta juya. A Barno, Mai Ali Gaji, daga zuriyar Idris, ya kawo ƙarshen rikicin gida ya gina Birnin Gazargamu wajen 1470. A Kano kuma Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya gina sabuwar fada, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya fara ba babanni manyan muƙamai, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Ko ba a faɗa ba, sarkin da ya gina kasuwarsa ya rage wa mai tsohuwar kasuwa ƙarfi. Sarkin da ya gano daɗin aiki da bayin da ba su da dangi kuwa, ba zai daɗe yana haƙuri da gidan da ke tinƙaho da jinin wata masarauta ba.

Abin ya fashe a zamanin ɗansa Abdullahi, 1499 zuwa 1509. Yana can yana yaƙi da Katsina da Zazzau, Dagacin lokacin ya fara shirin tawaye. Wadda ta tare abin ita ce mahaifiyar Sarki, Madaki Auwa, macen da maganarta ke da nauyi ƙwarai a birnin. Wannan rikici ne ya jawo Sarkin Barno ya taso da runduna ya sauka a Gunduwawa, gabas da Kano. Abdullahi bai ja daga ba. Ya ɗebi malamansa ya fita ya ƙasƙantar da kansa, Sarkin Barno ya gamsu ya juya. Ƙurar dawakinsa na lafawa, Abdullahi ya lallaɓi Dagaci har ya saki jiki, sannan ya tuɓe shi ya naɗa bawansa a sarautar.

Wasu za su kira wannan yaudara, kuma yaudarar ce. Amma shi ma Dagacin ya manta cewa rawanin da ke kansa aro ne. Sarki bai ma wahalar da kansa da soke sarautar ba, ya bar sunan yadda yake, ya canza kan da ke ɗauke da shi kawai. Kano ta ci gaba da amfani da sarautu masu tushe a Barno, irin su Galadima da Ciroma, su kuwa Saifawa suka riƙe mulkinsu har 1846.

Ƙasar da muke zaune a kanta a nan ma tana da irin wannan labari. A 1663 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba wasu manyan fadawansa takwas yankin Karolina kyauta, ba tare da an tambayi 'yan asalin wurin ba. A 1729 magadan bakwai daga cikinsu suka sayar wa gidan sarauta kasonsu. Na takwas, John Carteret, wanda daga baya ya gāji sarautar Granville, ya ƙi sayarwa, sai a 1744 aka yanka masa wani dogon yanki a arewacin Karolina ta Arewa, wanda ya haɗa da inda gundumar Guilford take a yau. Bai taɓa taka ƙafarsa a wurin ba, wakilansa ne ke raba filaye suna karɓar kuɗin haya. Da Amurkawa suka yi yaƙin neman 'yanci, sabuwar gwamnatin jiha ta riƙe ƙasar. Magadansa sun kai ƙara kotu a farkon ƙarni na 19, ba su yi nasara ba. A 1808 aka sayi eka 42 a tsakiyar gundumar a kan dala 98, aka yanka filayen garin Greensboro, aka raɗa masa sunan Janar Nathanael Greene, wanda ya gwabza da sojojin Ingila a nan kusa a 1781.