Daga Dubai zuwa Gwangzu: awa nawa jirgi yake yi?

Yau hirarmu a kan tafiyar jirgin sama ce tsakanin birane biyu na Asiya: Dubai ta ƙasar Larabawa, da Gwangzu ta kudancin ƙasar Sin, wadda Turawa suke ce wa Kanton. Fatakenmu na Maraɗi da Damagaram da yawa ta Dubai suke bi in za su sayen kaya can.

Tsakaninsu akwai kimanin kilomita 5.800. Daga Yamai zuwa Damagaram a mota wajen kilomita 900 ne, wato sai a jera wannan hanya sau shida da rabi. Babban jirgi, in ya hau sama kamar kilomita 10 ko 11, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. To, in aka haɗa da tashi da sauka, zuwa Gwangzu awa 7 ne da ƴan mintoci.

Amma dawowa ta fi awa 8. Hanya ba ta ƙaru ba, iska ce. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da take busowa daga yamma ta nufi gabas, kuma da hunturu gudunta yakan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai dawowa yana karo da ita. Duk wanda ya tuƙa keke gaba da iskar hunturu ya san zancen.

Agogo kuwa shi ne ya fi ruɗa mutane. Rana tana riga fitowa a gabas, don haka agogon Gwangzu yana gaban na Dubai da awa 4. In ka tashi Dubai ƙarfe 10 na safe, ka yi awa 7, agogon hannunka zai nuna 5 na maraice, na bangon filin jirgi kuwa 9 na dare. Lokacin da aka rubuta a tikiti kullum na garin da za a tashi ne ko wanda za a sauka.

A kula da jirgin tsakar dare. In an rubuta Talata 00:15, daren Litinin wayewar Talata ake nufi. Wanda ya bari sai Talata da dare zai tarar jirgi ya tashi tun jiya, kuma canza tikiti ba kyauta ba ne. Mai bugo waya gida kuma ya tuna Sin tana gabanmu da awa 7: ƙarfe 9 na safe a can, 2 na dare ne a Tawa.

Ga lissafin da za ku yi da malaminku: jirgi ya tashi Gwangzu ƙarfe 1 na dare, ya yi awa 8. Ƙarfe nawa ya sauka a agogon Dubai?