Ba Kowane Jirin Tsoho Ne Laifin Jini Ba

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, sai a riƙa jin labari iri ɗaya a gidaje: Baba ya miƙe zai tafi masallaci jiri ya kwashe shi, Hajiya ta juya a kan gado ta ce ɗakin yana jujjuyawa da ita. Kafin a ga likita, 'yan gida sun riga sun yanke hukunci. Wannan ya ce jini ne ya hau, a ƙara mata ƙwaya. Wancan ya ce a'a, jini ne ya yi ƙasa, a haɗa Maltina da madara, a kira yaron kemis ya sa mata ƙarin ruwa. Alhali sau da yawa jinin nan bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Hajijiyar da ta fi addabar tsofaffi daga can cikin kunne take tasowa. A nan akwai wasu lanƙwasassun bututu uku masu ɗauke da ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Kusa da su akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da garin alli. Idan shekaru suka ja, ko aka taɓa buguwa a kai, sai wasunsu su ɓalle su faɗa cikin bututun. Ka ɗauka tsakuwa ce ta faɗa cikin gorar ruwa: ko ka daina girgiza gorar, tsakuwar na ci gaba da gangarawa tana motsa ruwan. Mutum ya tsaya cak, ido ya ce an tsaya, kunne kuwa ya dage cewa ana juyi. Shi ya sa jirin ke zuwa lokacin juyawa a shimfiɗa, ko ruku'u da sujada, ko ɗaga kai sama, kuma da wuya ya wuce minti ɗaya kafin ya lafa.

Abin takaicin shi ne maganinsa ba ya buƙatar ko allura. Tun 1952 likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana yadda ake gano shi ta hanyar kwantar da majinyaci a kalli yadda idanunsa ke rawa. A 1992 wani likitan Amurka, John Epley, ya wallafa dabarar juya kan mutum daki-daki har ƙwayoyin su koma mazauninsu. Aikin 'yan mintuna ne a kan gadon asibiti, kuma galibi sau ɗaya ko biyu ya wadatar. Amma tsohuwa za ta shekara tana sallah a zaune, tana shan maganin jiri na Stugeron safe da yamma. Irin waɗannan magunguna na kwana kaɗan ne. Idan aka dawwama a kansu suna kashe jiki, su ƙara tangaɗi, a wasu tsofaffin har su jawo karkarwa.

Akwai kuma jirin da jini ke da hannu a ciki, sai dai akasin yadda ake zato. Tsoho ya miƙe da sauri, jini ya taru a ƙafafu, awonsa na sama ya faɗi da maki 20 ko fiye, sai duhu ya rufe masa ido. Zafi, azumi, rashin shan ruwa da maganin hawan jini, musamman mai sa yawan fitsari, duk suna tsananta shi. Ka ga wanda aka ƙara wa ƙwaya a wannan hali, ai tura shi aka yi. Gano shi bai wuce a auna jini a kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da miƙewa ba. A asibitocinmu na unguwa, inda ma'aikaci ɗaya ke fama da dogon layi, sau nawa ake yin haka?

Tangaɗi ba tare da hajijiya ba kuwa, a duba yanar ido, da ciwon suga da ke kashe jijiyoyin tafin ƙafa, da ƙwayar barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma 'yan sama da 60 ne suka fi yawa a ciki. Duk da haka muna gina banɗaki da tayil mai santsi, babu fitila babu abin dafawa, mu ce mun yi wa iyaye gata.

Kaduna na da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Can ya kamata a nufa da jirin da ke zuwa yana komawa. Amma idan ya zo farat ɗaya bai lafa ba, tare da karkacewar baki, nauyin harshe, ganin abu bibbiyu, mutuwar hannu ko kasa tsayuwa, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a jira gari ya waye, a wuce sashen gaggawa.